Wasiƙa daga Holand: Rumbun Zafi a Ƙarƙashin Kwalta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ya zafi? Na san amsar da za ku ba ni, lokacinsa ne. Allah ya kawo mana damina mai albarka.

Ina rubuto muku ne daga Hoorn, wani gari a arewacin Holand. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da ƙanena ya turo mini ta WhatsApp. Ya ga labarin cewa Turawa suna tsotse zafin rana daga titi su sanyaya gari, sai ya ce, "Yaya, wai gaskiya ne? To me ya hana a yi mana a Kano?" Na fara ba shi amsa, na ga abin ya fi ƙarfin saƙon waya, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Gaskiya ne, kuma kusa da ni ake yi. Akwai wani ƙauye da ake kira Avenhorn, tafiyar 'yan mintuna daga nan. Wani kamfanin gina hanyoyi na ƙauyen mai suna Ooms ne ya ƙirƙiro dabarar a ƙarshen shekarun 1990. Kafin a zuba kwaltar sama, sai a shimfiɗa siraran bututun roba a jere kamar saƙar tabarma, sannan a rufe su. Da rani ana tura ruwa mai sanyi cikin bututun. Kwalta baƙa ce, sabuwarta tana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, don haka ruwan yakan fito da ɗumi. Daga nan sai a tura ɗumin can ƙarƙashin ƙasa, cikin yashin da ke riƙe da ruwa, ya zauna wata da watanni a wajen digiri 20. Idan sanyi ya kankama sai a jawo shi, a bi da shi ta wata na'ura mai aiki irin na firji amma a juye, ta ƙara masa zafi a ɗumama ɗakuna. A Avenhorn, titi mai tsawon da bai kai mita 200 ba da wani ɗan filin ajiye motoci ne ke taimakawa wajen ɗumama bene mai gidaje 70. Ruwan da ya huce kuma ba a zubar da shi, ana ajiye shi a wata rijiya daban, a sanyaya gine-gine da shi idan rani ya dawo.

Ranar da na fahimci abin, rumbun kakana ne ya faɗo mini a rai. Da kaka a cika shi da gero, da bazara a buɗe a ci. Mutanen nan ma haka suka yi, sai dai su zafi suke girbewa.

Titin ma yana cin riba. Kwaltar da ba ta yi zafi sosai ba ba ta yin laushi har tayar manyan motoci ta haƙa mata kwari, da hunturu kuma ruwan ɗumi yana hana ƙanƙara kama ta. Ba su kaɗai ba ne. A Suwizalan a 1994 aka fara ajiye zafin wata gada a garin Därligen cikin dutse don narkar da ƙanƙara, a Ingila kuma an yi wa filin wasan wata makarantar firamare a Hatfield irin wannan shimfiɗa.

To ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau, domin nan ne masu yaɗa labarin suke tsallakewa. Zafi ba ya ɓacewa. Idan ka cire shi daga titi, dole ka san inda za ka kai shi. Rumbu yana da amfani ne saboda akwai ranar da za a kwashe abin da ke ciki. Holand tana da wannan rana: watanni biyar ko shida kowane gida yana neman ɗumi ruwa a jallo. Ruwan ƙarƙashin ƙasarsu kuma sanyi gare shi tun asali, bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba, shi ya sa yake iya ɗaukar zafin kwalta.

Mu fa? Duk wanda ya tara hannu a famfon burtsatse a Sakkwato ya san da ɗuminsa yake fitowa. Hunturunmu gajere ne, kuma sanyinsa na dare da asuba ne, rana na ɗagawa ya saki. Idan muka yi ta cusa zafi a ƙasa wata tara muna ɗiban kaɗan a wata biyu, shekara ba za ta yi nisa ba rumbun zai cika, bututun su koma zagaya ruwan zafi kawai. Ga kuma bambancin ƙasa. Holand kwance take a kan yashi mai kauri cike da ruwa. Kano kuwa a kan dutse take zaune, masu haƙa burtsatse sun fi kowa sanin wahalarsa. Sakkwato da Borno suna da yashin, amma ruwan da ke cikinsa na sha ne, ban ga mai hankalin da zai yarda a ɗumama shi don titi ya huce ba.

Wasu za su ce ai akwai injin da ke mayar da zafi sanyi. Akwai shi, amma yawanci yana buƙatar ruwan da ya kai digiri 80 ko fiye, ruwan titi kuwa ba ya kusantar haka. Sannan famfunan da ke zagaya ruwan lantarki suke ci. Ba sai na faɗa muku halin da wuta take ciki ba.

Ban rubuto don in kashe muku gwiwa ba. Damuwar ƙanena ta gaskiya ce, kuma tawa ce. Na taso ina ganin almajirai suna tsallaka titi da azahar ba takalmi, suna ɗaga ƙafa kamar masu taka garwashi. Kwalta tana haura digiri 60 a tsakar rana. Mai tallan ruwa a danja, ɗan acaba, direban Keke, mai faci a bakin hanya, su ne ke shaƙar wannan turiri tun safe. Da dare kuma titi da siminti su yi ta amayar da abin da suka sha, mutane su fito da tabarma tsakar gida su kasa barci. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. A Hajjin shekarar kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu, yawanci saboda zafi. Allah ya jiƙansu.

Ƙasashen da zafinsu ya yi kama da namu wata hanya suka bi. Alhazanmu sun ga yadda aka shafa wa wasu hanyoyin ƙafa farin fenti a Mina da Arfa. Birnin Phoenix na Amurka ya fara irin wannan a 2020, masu bincike na jami'ar jihar Arizona suka auna. Sun tarar saman titin ya ragu da wajen digiri 6 da rana, amma hasken da fentin ke mayarwa yana dukan mai tafiya a ƙafa, har ya fi jin zafi da tsakar rana. Titi ya huce, mutum bai huce ba. Ni dai mutumin nake so ya huce.

Abin da ya fi burge ni a nan ma ba bututun ba ne. Bayan zafi ya kai digiri 40.7 a Holand ranar 25 ga Yulin 2019, wanda ba su taɓa gani ba, birnin Arnhem ya yanke shawarar rage kwaltarsa da kashi 10 cikin 100 ya shuka itatuwa da ciyawa. Tun 2020 kuma garuruwa suke gasar ɓamɓare daɓen siminti daga ƙofar gidaje a mayar da shuka. Masu fasahar da kansu inuwa suka koma nema. Raina yakan ɓaci idan na tuna a daidai wannan lokaci mu muke sare darbejiyar da iyayenmu suka shuka don a faɗaɗa titi, mu kuma daɓe tsakar gida da intalok har bango. Wanda ya san tsofaffin titunan Maiduguri ya san abin da layin darbejiya ke yi wa gari.

Akwai wurin da nake ganin bututun za su yi mana aiki, amma ƙarami ne: inda ake buƙatar ruwan ɗumi kullum, a yi amfani da shi a ranar ba sai an ajiye ba. Wajen wankin asibiti, ɗakin haihuwa, kicin ɗin makarantar kwana, mahauta, majema. A irin waɗannan wurare filin ajiye motoci zai iya ɗumama ruwan kafin ya shiga tukunya, a rage itace da gas. Ko a nan ɗin, sai a gwada kuɗinsa da na tankin ɗumama ruwa na kan rufi, domin sau da yawa na rufin zai fi araha.

Roƙona ga ɗaliban injiniya na Bayero da Zariya da Yamai shi ne ku fita ku auna. Ma'aunin zafi na hannu ba shi da tsada. Ku auna kwalta da ƙarfe biyu na rana da ƙarfe goma na dare, a fili da kuma ƙarƙashin itace, a Kantin Kwari da unguwar Nassarawa, tun daga Maris har ruwan farko. Ku binne bututu mita goma a bayan sashenku ku ga ruwan da zai fito. Na yi wa ƙanena alkawarin aiko masa da ma'auni ɗaya idan na sami mai tahowa gida kafin Sallah.

A gaishe da iyaye da yara. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Hoorn