Bargon da Na Sa wa Suna "Bayan Tashi"

Aikin ofis yana da wani hali da ba a faɗa wa mutum ranar da aka miƙa masa takardar kama aiki: ba ya ƙarewa. Kafin ka rufe lissafin wannan wata, na wata mai zuwa ya iso. Rahoton da ka kwana kana haɗawa sai ya bi hannaye da yawa, wannan ya ƙara, wancan ya rage, ranar da ya fito ba ka da layi ɗaya da za ka nuna ka ce wannan nawa ne. Ba raina aikin nake yi ba, da shi nake rufa wa kaina asiri, kuma ina son sa. Amma akwai gajiyar da barci ba ya maganinta, wato gajiyar mutumin da kullum yana aiki, bai taɓa ganin abin da ya gama ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar zuciya a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma kawo alamominta uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Duk wanda ya daɗe a bakin tebur ya san aƙalla ɗaya daga cikinsu.

Ni abin da ya fitar da ni shi ne ɗinkin bargon ƙyalle, wanda ake haɗawa da guntayen yadi. Tsohuwar sana'a ce, kuma kusan ko'ina a duniya an yi ta, domin ko'ina akwai tufafin da suka tsufa da kuma sanyin da ake son karewa. Matan Bengal, yankin da ke Indiya da Bangladesh, suna jera tsofaffin tufafinsu su bi su da ƙananan ɗinki, suna kiran abin kantha. Manoman arewacin Japan sun yi ta ɗora faci a kan faci har aka san kayan da sunan boro. Bargon yana da rufi uku: fuskar sama da aka haɗa da ƙyallaye, lallausar auduga a tsakiya, sai shafi a baya. A ɗinke su wuri guda, sannan a naɗe bakin da siririn ƙyalle. A faɗe kamar wasa ne. Da ka zauna da almakashi a hannu sai ka gane kowane mataki yana da nasa sharaɗi.

Ɗauki bakin ɗinki kawai. Masu wannan aiki suna barin rubu'in inci, kimanin milimita 6, tsakanin zare da gefen ƙyalle. Idan allurarka ta ci milimita 1 fiye da haka, ido ba zai gani ba. Amma ƙyalle biyu ake haɗawa, don haka kowane ɗinki ya cinye milimita 2, layin da ke da ɗinki 20 kuwa ya gajarce da santimita 4. Sai ka zo haɗa shi da layin da ke ƙasansa ka tarar kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, kuma babu jan da za ka yi su haɗu ba tare da bargon ya tattare ba. Shi ya sa ake auna kowane gida, wato kowane ɗan sashen bargon da aka haɗa da guntaye, da rula da zarar an gama shi, a goge shi da dutsen guga, a kwantar da bakin ɗinkin wannan layi zuwa dama, na wancan zuwa hagu, don su shige juna su zauna daram. Tun ran gini ran zane. Wannan ne darasi na farko da ya bi ni zuwa ofis. Yanzu idan ina haɗa alƙaluman sassa daban-daban, nakan daidaita kowane sashe shi kaɗai kafin in haɗa shi da ɗan'uwansa, haka kuma nake koya wa sababbin ma'aikatan da aka turo ƙarƙashina. Ƙaramin kuskure yana da sauƙin kamawa a gidansu, da ya shiga taro sai ya ɓace.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne sha'anin launi. Duk mai farawa hankalinsa na kan ja da shuɗi da kore. Amma abin da ke fito da zane daga nesa shi ne bambancin duhu da haske. Ja mai duhu da shuɗi mai duhu, in suka zauna kusa da juna, narkewa suke yi su zama abu ɗaya. Dabarar da ake yi ita ce a shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa, a ɗauki hotonsu da waya, a mayar da hoton fari da baƙi. Nan take za ka ga inda zanen ya mutu. Akwai wani ƙyalle mai furanni da nake matuƙar so, na ajiye shi musamman don tsakiyar bargon, hoton ya nuna mini cewa a wurin ba a ma ganin sa. Na matsar da shi gefe, kusa da farare, sai ya yi magana.

Ga zuciya kuwa, amfanin a fili yake. Waya ba ta hutar da mutum, tana dai ɗauke masa hankali ne, rabin tunaninsa yana nan a kan saƙon da bai amsa ba. Allura ba ta yarda da rabin hankali. Masanin halayyar ɗan'adam Mihaly Csikszentmihalyi ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanayi da mutum ke nutsewa cikin aiki har ya manta da agogo, ya kuma nuna cewa yakan zo ne idan aikin yana da ɗan wuya daidai ƙarfin mai yin sa, kuma yana ganin sakamakon hannunsa nan take. Ɗinkin bargo ya cika sharuɗɗan biyu. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Medicine a 2023 ya duba mutane sama da 93,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashe 16, ya gano cewa masu wani aikin sha'awa sun fi ƙarancin alamun baƙin ciki, sun kuma fi jin gamsuwa da rayuwarsu. Gaskiya ne mai lafiya da sukuni ya fi samun damar yin aikin sha'awa tun farko, don haka alaƙar tana tafiya ta ɓangare biyu. Duk da haka, abin da na gani a jikina ya dace da sakamakon.

Akwai labarin da nake so ƙwarai. A 1894 aka daɓa wa shugaban Faransa Sadi Carnot wuƙa a birnin Lyon, ya mutu saboda likitoci ba su iya ɗinke jijiyar jinin da aka yanke ba. Wani matashin ɗalibin likitanci a birnin, Alexis Carrel, ya sa wa ransa sai ya gano yadda ake wannan ɗinki. An ruwaito cewa wurin wata gwanar aikin surfani ya je ya koyi sarrafa siririyar allura da zaren siliki. A 1912 aka ba shi lambar Nobel saboda aikinsa kan ɗinkin jijiyoyin jini. Ina kawo labarin ne ga masu ganin aikin allura ɓata lokaci ne. Sai dai ba na son a ce dole sai aikin sha'awa ya amfani ofis kafin ya halatta. Ko da bai ƙara mini komai a wurin aiki ba, zan ci gaba da yi. Mutum ya fi girman abin da ake biyan sa a kai.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi daɗewa a raina.

Zane-zanen bargo suna da sunayensu na gado. A Amurka akwai wanda ake kira Log Cabin, wato bukkar katako, ya yi tashe a shekarun 1860. Ana fara shi da ɗan murabba'i a tsakiya, sau da yawa ja, wanda ake cewa murhun gida yake wakilta, sai a yi ta kewaye shi da dogayen ƙyallaye, gefe ɗaya masu haske, ɗaya gefen masu duhu. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, suna da irin nasu da suke kira Housetop, rufin ɗaki, kuma da yawa daga bargunansu da tsofaffin kayan aikin gona aka yi su, har shacin aljihu da kodewar gwiwar wando ana gani. A 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan wayar Amurka ta buga hotunan 10 daga cikinsu a kan kan sarki. Amma waɗannan sunayen zane ne, dubban barguna ne ke amsa su. Sunan da mai ɗinki ke sa wa nata guda ɗaya daban yake.

A 1863, yaƙin basasar Amurka na ci, wata mata mai suna Jane Stickle a jihar Vermont ta gama wani bargo mai gida 169 a tsakiyarsa. A kusurwa ɗaya ta ɗinka sunanta, da adadin guntayen da ta haɗa, 5,602, da 'yan kalmomi masu ma'anar "a lokacin yaƙi", da shekarar. Bargon yana gidan tarihi na Bennington har yau. Harriet Powers kuwa, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, da talauci ya tilasta mata sayar da bargonta a kan dala 5, sai da ta tsaya ta bayyana wa mai sayen ma'anar kowane gida daga cikin gidaje 11 da ke jikinsa, matar ta rubuta. Saboda wannan bayani ne muke iya karanta bargon a yau kamar yadda mai shi ta nufa. A gefe guda, gidajen tarihi cike suke da barguna masu ban mamaki waɗanda aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗinkin ba. Duk lokacin da na ga wannan rubutu sai raina ya sosu. Mace ta kashe watanni, wataƙila shekaru, idonta da bayanta sun biya kuɗin aikin, ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu da zai riƙe sunanta ne kawai ya gagara.

Nawa bargon da tsofaffin kayan zuwa aiki na haɗa shi, waɗanda suka koɗe a wuya da hannu amma jikinsu na nan da ƙarfi. Da na naɗe bakinsa, sai neman suna ya zama aiki. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki sa masa Haƙuri mana, ai shi ya ɗinka shi." Suna ne mai kyau, amma kowane bargo a duniya zai iya ɗaukar sa. Wata abokiyar aikina ta kawo sunayen launuka, su kuma abin da ido ya riga ya gani suke maimaitawa. Na lura cewa duk sunan da na gwada ya ƙi zama, dalili ɗaya ne, yana faɗin abin da nake so a ce game da bargon, ba abin da bargon yake ba. Da na tambayi kaina yaushe na ɗinka shi, da me, kuma me ya sa, amsar ta zo da kanta. Kayan aiki ne, an ɗinka su a sa'o'in da aiki ba shi da iko da su. Na sa masa Bayan Tashi.

Abu biyu sa sunan ya yi mini. Na farko, ya rufe aikin. Kafin nan kullum sai in ɗauko shi in ce bari in ƙara layi ɗaya a nan, in gyara can. Da ya samu suna sai hannuna ya sake shi, ya tashi daga abin da nake yi ya koma abin da na yi. Na biyu, ya nuna mini cewa wanda ya kasa sa wa aikinsa suna bai gama fahimtar aikin ba. Wannan ma na kai shi ofis. Rahoton da kansa kawai "Rahoton Wata Uku" ne bai gaya wa kowa komai ba. Yanzu kafin in aika da kowace takarda, sai na iya faɗin abin da ta ƙunsa cikin jimla ɗaya, misali cewa kashe kuɗin sufuri ya ƙaru saboda kaza. In jimlar ta ƙi fitowa, na san akwai sauran tunani, sai in koma. Taronmu ma ya ragu da tsawo tun da muka fara tambayar juna sunan matsalar da ta tara mu kafin a shiga muhawara.

Mutane da yawa sun ce in fara sayarwa. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, kuma ina girmama duk wadda ɗinki ne abincinta, ita ce ma gwanar gaske. Amma na san ranar da na karɓi kuɗin wani, ranar zan samu wa'adi, da mai cewa a canza launi, da fargabar kar a makara. Duk waɗannan ina da su daga safe zuwa yamma. Ina bukatar abu ɗaya a rayuwata da ni ke cewa ya fara, ni ke cewa ya ƙare. Kyauta nake yi da su, kuma kowanne sai na ɗinka masa ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya, da sunansa, da sunana, da shekarar, da wanda aka yi wa, an rubuta da tawadar da wanki ba ya cirewa.

Na biyun da na gama, mai gidaje masu kusurwa uku da suka jeru suna fuskantar gefe guda, na ba ƙanwata, na sa masa Hanya. Da na kai musu ziyara sai na ji 'ya'yanta suna rigima a kan wanda zai rufa da Haƙoran Kada. Na ɗaga shi na duba da kyau, na ga yaran sun fi ni gaskiya. Na karɓi allura da zare a wurin uwarsu, na ƙara sunan da suka sa masa a ƙarƙashin nawa.