Safar hannu ta cinye min sati uku

Laraba, dare ya yi.

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba wallahi, kaina sarawa yake, amma in na kwanta da wannan haushin na san ba barci zan yi ba.

Aikin sati uku ne ya bi ruwa. Da sassafe na shiga lab da murnata, na ciro sampul ɗina na RNA, wato kwafin saƙon ƙwayoyin gado da na tace daga ƙwan kifi, daga firizan nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, na ɗura su a jel, wani abu mai kama da daskararren kamu da lantarki ke rarrabe RNA a cikinsa gwargwadon tsayi, na kunna wuta na zauna jira. Abin da ya kamata in gani layi biyu ne raɗau, na manyan nau'o'in RNA biyu, 28S a sama, 18S a ƙasansa, su ke nuna RNA lafiyarsa ƙalau. Ina haska fitila sai ga wani dogon damalmalallen abu kamar an ja yatsa a kan ɗanyar tawada. Duka ramuka goma sha biyu. Har kashe fitilar na yi na sake kunnawa, kamar hakan zai canza wani abu.

Kuma abin takaicin na san inda aka haihu a ragaya. Ranar Juma'a ina tsaka da tace RNA wayata ta yi ƙara, na ɗauka da safar a hannuna, na duba, na ajiye, na ci gaba da aiki ban canza safar ba. Fatar ɗan Adam akwai wani enzayim a kanta, RNase, shi ba shi da sana'a sai daddatsa RNA, ga taurin rai, ko an dafa shi ba lallai ya mutu ba. Fuskar waya kuwa me ke kanta in ban da shatin yatsu? Ni ɗin nan da kullum nake wa ɗalibai faɗa a kan haka. Mtsw.

Ƙwan kifin zebra nake aiki da su, ƙananan kifayen nan masu zane a jiki. Ana son su ne don ɗan tayin garai-garai yake, kana kallon zuciyarsa tana bugawa a madubin ƙara girma tun yana ɗan kwana ɗaya da ɗoriya, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. Ina sa musu benzopairin a ruwa kaɗan-kaɗan, sinadarin da ake samu a hayaƙi da kwalta, sannan in auna ta RNA yadda ƙwayar gadon cyp1a, mai taimaka wa jiki narkar da irin wannan sinadarin, take farkawa. Abin da har gobe yake ba ni mamaki shi ne benzopairin ɗin shi kansa bai cika taɓa DNA ba, jiki ne garin ƙoƙarin narkar da shi ya fitar, sai ya mai da shi wani abu mai manne wa DNA. Garin gyaran gira a rasa ido kenan.

Na fito baranda in sha iska sai na ga ofishin Malam, tsohon malamin nan namu, a buɗe, kwalaye ko'ina. Na manta shaf ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na yi sallama, ya ce "Dakta shigo ki taya tsoho, bayan nan ya daina jin magana." Na shiga, muka hau ɗaure littattafai.

Cikin kwalin ƙasa na ci karo da wani littafin lab, bangonsa ya ci duniya, an rubuta 1984 a jiki. Shafi bayan shafi lambobi ne kawai da biro. Na ce ranka ya daɗe wannan fa? Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya ce ƙidayar farantan Ames ce. Gwajin da Bruce Ames ya fito da shi a shekarun 1970, ka samo bakteriyar Salmonella da aka nakasa ta yadda ba ta iya haɗa histidin, wani sinadari da take buƙata don ta tsiro, da kanta, ka shimfiɗa ta a farantin da kusan babu histidin, ka zuba sinadarin da kake zargi, ka haɗa da ruwan hantar ɓera don a kwaikwayi abin da hanta za ta yi masa, ka rufe a digiri 37 kwana biyu. In sinadarin yana sauya DNA, wasu daga cikinsu za su warke daga nakasar su tsiro ɗigo-ɗigo. Sai ka ɗaga farantin a haske ka ƙirga da ido, kana ɗiga musu maka ta baya don kar ka ƙirga ɗaya sau biyu. Ya ce shekarunsa na farko duk a haka suka ƙare, har mafarkin ɗigo yake yi.

Daga nan hira ta ɓalle, dama Malam in aka taɓo aflatoksin, gubar da funfuna ke fitarwa a gyaɗa da hatsi, sai dai ka nemi kujera. Ya faro tun daga 1960 da talotalo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila ba a san dalili ba, aka bi sawu har aka gano abincinsu ne da aka haɗa da gyaɗar Birazil, funfunar Aspergillus flavus ta kama ta. An daɗe da sanin gubar tana kawo kansar hanta, musamman in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, amma a ina take sara? Sai a 1991 aka duba ƙarin hanta na marasa lafiya a Qidong ta ƙasar Sin da kuma kudancin Afirka, aka ga ƙwayar gadon p53, wadda ke taka wa ƙwayar halitta birki in ta lalace, ta samu sauyi a wuri guda, kodon (rukunin haruffa uku na DNA) na 249, harafin G ya koma T. Harafi ɗaya tak. Malam ya ce ranar da ya karanta wannan ya san farantansa sun tsufa, gubar ashe tana barin sa hannunta a jikin DNA, shi kuma bai iya karatun ba.

To nan ne abin da ya fi tsaya min a rai. Mutum ya haura arba'in, da ɗalibansa da girmansa, ya je ya zauna gefen wani yaro da ya girme wa nesa ba kusa ba yana koyon PCR, dabarar ninka guntun DNA har ya isa a karanta shi, yadda ake riƙe fifet, ɗan bututun auna ruwa, yadda ake zaɓen furaima, ɗan guntun DNA da ke nuna inda za a fara ninkawar. Ya ce wata shida yana samun jel fari fat babu layi ko ɗaya, yaron har kunyar nuna masa yake ji. Ni kam ban san ko zan iya ba. Mu yanzu muƙala ɗaya in masu dubawa suka dawo da ita sai mu kwana biyu muna kumbure-kumbure. Na buɗe wani littafin nasa na 1993, rabin shafukan an ja musu layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a ƙasa an rubuta "a sake". Babu ko ɗaya daga cikinsu da zai fito a takardar tarihin aikinsa da za a karanta ranar bankwana.

Ganin haka ne ya sa na samu bakin gaya masa abin da na yi. Na zata zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce "kin san Karen Wetterhahn?" Na ce na san sunan. Farfesar kemistiri ce a Dartmouth ta Amurka, ƙwararriya a kan yadda ƙarafa masu guba irin su kuromiyam ke lalata ƙwayoyin halitta. A watan Agustan 1996 ɗigon dayimetil-makuri, wani mugun nau'in zaiba, ya zuba a kan safar robar da ke hannunta. Ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin, tana aiki ƙarƙashin mazuƙar iska, ta goge wurin, ta cire safar. Sai bayan kamar wata biyar ta fara tangaɗi, magana ta fara sarƙe mata. Ta rasu a watan Yunin 1997 tana da shekara 48. Da aka gwada daga baya aka ga sinadarin yana ratsa irin wannan safar cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Allah sarki.

Malam ya ce, "Ke naki hannun ne ya cuci sampul, sati uku ne, za ki sake. Amma hannun da ya saba ɗaukar waya da safa, ran da abin da ke kan safar ya fi RNA haɗari ma ɗauka zai yi, kuma wayar nan a kunnenki za ki kara ta." Na yi tsit. Benzopairin nake aunawa da wannan hannun fa, abin da aka tabbatar yana sa ciwon daji, kuma tun safe ban yi tunanin wannan ɓangaren ba ko sau ɗaya, RNA kawai nake wa kuka.

Ya ba ni littafin 1984 ɗin, wai ba shi da wurin ajiye shi. Na san ba haka ba ne amma na karɓa da hannu biyu.

Bayan la'asar na koma ɗakin kifi. Na goge benci da fifet gaba ɗaya da ruwan kashe RNase, na zubar da duk ruwan da na buɗe ranar Juma'a, na ware maza da mata a tankunan haihuwa na sa musu shamaki a tsakani. Gobe da an kunna fitila zan zare shamakin, a lokacin suke zuba ƙwai, don haka dole bakwai ta yi min a can. Wayar ma na goge ta da alkohol har sau biyu, daga gobe a loka za ta riƙa yini. Ɗalibata ta tambaye ni me ya samu sampul ɗin, na ce mata gobe zan yi bayani a gaban kowa, ban dai san ta inda zan faro ba tukuna.