Wasiƙa daga Birmingham: Ɓarawo da rana tsaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga Birmingham, da fatan iyali da kowa suna lafiya.

Ƙanne da dama suna turo min saƙo cewa da zarar biza ta fito, aikin kanti za su kama kamar ni. Neman halal ne, na kuma gode wa Allah da shi. Amma akwai abin da ya kamata ku ji tun kafin ku taso.

Wata Talata bayan la'asar, wani mutum ya shigo mana da ƙatuwar jaka, ya ja hular rigar sanyinsa har goshi. Ko ɓoyewa bai yi ba. Kai tsaye ya nufi firij ya kwashe naman da na gama jerawa, ya haɗa da kwalaben kofi da garin sabulu. Abokiyar aikina, dattijuwar Baturiya sa'ar mahaifiyata, roƙonsa kawai ta yi ya ajiye. Sai ya tofa mata yawu a fuska, ya bangaje ta ta faɗi kan kwanduna. Da na ɗaga ta, jikinta sai ɓari yake. Muka kira 'yan sanda, suka ba mu lambar ƙorafi ta waya, shi ke nan. Ranar Juma'a mutumin ya dawo da jakarsa, ya dube ni ido cikin ido.

Umarnin masu kanti shi ne kada ka taɓa ɓarawo, kada ka bi shi. Ban ga laifinsu ba, don wasu da wuƙa suke yawo, wasu da allurar da suka yi amfani da ita. Amma tsayuwa kana kallo tana cin rai.

Kuma ba kantinmu kaɗai ba ne. A shekarar da ta ƙare a Maris 2025, 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta satar kanti sama da 530,000, ban da wadda aka gaji da kai ƙara. Ƙungiyar masu kantuna ta Birtaniya, BRC, ta ce a rahotonta na farkon 2025 a kullum ana zagi ko dukan ma'aikata fiye da sau 2,000. Sau da yawa ma rigimar daga tambayar shekarun mai sayen taba ko giya take tashi, alhali doka ce ta tilasta mana tambayar.

A ganina, ɓarakar ta faɗaɗa ne tun dokar 2014, wadda ta mai da satar da ba ta wuce fam 200 ba ƙaramin laifi. Ba ta halatta sata ba, amma ɓarayi sun fahimci inda aka dosa, har lissafin kaya suke kada su haura. Scotland ta ware duka ko barazana ga ma'aikacin kanti a matsayin laifi na musamman tun 2021. A nan sai Fabrairun 2025 gwamnatin Firayim Minista Keir Starmer ta kai wa majalisa ƙudurin yin haka da soke iyakar fam 200.

Gaskiya ne akwai uwar da yunwa ta sa ta ɗauki madarar jariri, kuma irinta tausayi take ba ni. Mai jakar nan kuwa sayarwa yake, a mashaya ko a bakin titi, rabin kuɗi.

Na san wani zai ce da a Sabon Gari ne, ihun "ɓarawo!" guda ya wadatar. Wallahi ba wannan nake nema ba. Mun san mutanen da aka rataya wa taya a gida kan zargi kawai. Abin da nake nema shi ne in an kira ɗan sanda ya zo, alƙali kuma ya ga fuskar wanda ya tofa wa dattijuwa yawu.

Makonni biyu ta yi a gida. Da ta dawo, ta roƙi manaja ya ɗauke ta daga bakin ƙofa, yanzu a sito take aiki. Ni aka mayar gurbinta, da 'yar kyamara maƙale a ƙirjin rigata.

Naku,
ɗan'uwanku a Birmingham