Kafin motar yaƙi ta iso, ina za ta kwana?

Aikin da ya faɗo a kaina a kwamitin sayen sababbin motocin yaƙi masu sulke shi ne tsara inda za su zauna, inda za a gyara su, da inda za su ƙare idan sun tsufa. Abokan aikina suna ta muhawara kan nisan harbi da kaurin sulke, ni kuwa ina zagaya tsofaffin garejoji da tef ɗin awo a hannu.

Lissafin lokaci shi ya fara buɗe mini ido. Gini sai an nemi fili, an yi zane, an sa shi cikin kasafin kuɗi, an ba da kwangila, sannan a zuba tushe. Ko a Amurka, babban ginin soja yakan ci shekara 5 ko fiye daga ranar da aka gano buƙatarsa zuwa ranar da aka miƙa makulli. Idan aka bari sai an sa hannu a takardar saye kafin a kira mai tsara gini, motocin za su riga garejinsu isowa, su yi ta shan rana da ruwa a fili, tsatsa na cinsu, garanti na ƙarewa. Shi ya sa na nace a ba ni takardun nauyi, tsayi, faɗi da buƙatar wuta tun kamfanoni suna gasar neman kwangila.

Daga nan na bi hanyar da motar za ta bi, tun daga ƙofar sansani. Tanka irin M1A2 Abrams ta haura tan 60, ga kuma nauyin tirelar da ke ɗauke da ita. Ƙasashen NATO suna da lambar nauyi da suke ba kowace gada da kowace mota, don direba ya san inda zai iya hawa. Namu motocin ba su kai haka ba, amma wani kwalbati a kan hanyar zuwa filin atisaye ya gaza ɗaukarsu, dole aka sake shi.

Cikin gareji ne na fi daɗewa. Ƙofa ta isa, faɗi ya isa, sai wani tsohon makanike ya ja ni gefe ya nuna mini ƙugiyar kuren, wato injin ɗaga kaya, da ke rufi. Ya ce, "Yallaɓai, auna daga nan zuwa saman motar. Injin sama ake zaro shi, gaba ɗayansa." Da muka auna, tazarar ba za ta bari injin ya fita daga gurbinsa ba. Haka ma daɓen: nauyin da sarƙar da motar ke tafiya a kanta ke bazawa a fili mai faɗi, idan aka ɗaga mota da jak yakan taru a wuri kamar tafin hannu, kuma a nan kankare ke tsagewa. Tun daga lokacin ba na kammala zane sai masu riƙe sifana sun duba shi.

Wutar lantarki ma tana da nata sharaɗi. Misali, jiragen saman soja da yawa suna son wuta mai juyawa sau 400 a daƙiƙa (Hz 400), alhali ta gari 50 ce ko 60, jirgin F-35 kuwa bolt 270 na DC, wato irin wutar batir, yake ci. Kowace sabuwar na'ura tana zuwa da buƙatar tiransifoma, na'urar sanyaya ɗaki da wurin cajin batir.

Ma'ajiyar albarusai ita ce ba na sassauci a kanta. Yawan abin fashewa shi ke yanke tazarar da za a bari tsakaninta da gidaje, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan haka a 2011. Matsalar ita ce gari yana girma ya cinye tazarar. Fashewar ma'ajiyar makamai a Brazzaville ta ƙasar Kongo a 2012 da ta Bata ta ƙasar Equatorial Guinea a 2021 duk sun hallaka mutane a unguwannin da ke maƙwabtaka da bariki. Na nemi a yi wa filin tazarar takarda da shinge, kuma a riƙa sake lissafi duk sanda aka ƙara kaya.

Kayan soja suna da tsawon rai. Jirgin yaƙin Amurka B-52 na ƙarshe ya fito daga masana'anta a 1962, kuma ana shirin irinsa su yi aiki har cikin shekarun 2050. A tsawon wannan rayuwa ana ƙara sulke, ana canza inji, nauyi yana hawa. Kuɗin aiki da gyara kan kai kusan kashi 70 cikin 100 na duk abin da za a kashe wa makami, saboda haka na bar rara a ƙarfin daɓe, da bututun waya da ba a zura komai ba, da fili a gefen gareji don faɗaɗawa.

A cikin tsarin da na gabatar, shafin da aka fi gardama a kansa shi ne na ƙarshen rayuwar motocin. Wasu suna ganin ya yi wuri a yi maganar yanka motar da ba ta iso ba. Amma baƙin mai, batir da kumfar kashe gobara suna shiga ƙasa su gurɓata ruwa, kuma tsaftace su ya fi hana su tsada. Na samu aka amince da wurin wanki mai raba mai da ruwa, da fili mai daɓe da magudana inda za a cire bindigogi a yanka gangar jikin, aka kuma ware masa layinsa a kasafin tun shekarar farko.