Abin da kwanukan taro suka koya mini kan saukar baƙi

Sana'ata girkin taro ce: biki, suna, walima, wani lokaci abincin rana na masu taron bita. A hannun wata Hajiya na koye ta, a unguwar Zariya nan Maradi. Mai wannan aiki tana ganin abin da uwar biki ba ta gani, domin mu ne masu kwashe kwanuka bayan an watse. Wani kwano ya dawo a suɗe, wani ya dawo ko cokali ba a sa masa ba. Wanda yake dawowa a cike kusan kullum shi ne kala na uku da na huɗu: taliyar da ta huce ta cure, da salak ɗin da ya yi laushi cikin zafi. An kashe kuɗi a kansu don kada a ce, ƙarshe almajirai ne suke morarsu.

Shi ya sa idan baƙi za su zo gidana kuma aljihu ba nauyi, abu ɗaya nake girkawa, in tsaya a kansa har ya yi kyau. Galibi dambu ne. Akwai masu jin kunyar fito da shi gaban baƙo, wai abincin gida ne, sai ka ce baƙon daga sama ya faɗo. Dambun da aka raina shi ne wanda aka yi wa rowar mai da albasa. A turara tsakin sau biyu a madambaci har ya yi wara-wara, a zuba zogale mai yawa, irin ɗanyen da ake kawowa daga lambunan Jiratawa. A soya albasa a man gyaɗa sai ta yi ja, rabi a cuɗa ciki, rabi a ajiye don sama. Yajin ƙuli a ɗan kwano daban, kowa ya ɗiba daidai bakinsa. Garin gyaɗa muke, man da ƙulin duk ba su yi mana nisa ba.

Nama ne ke cinye kuɗi, kuma a nan Hajiya ta fi tsanantawa. Takan ce, “Ɗiyata, naman da ya nutse a miya na mai tukunya ne, ba na baƙo ba.” Rabin kilo in aka jefa shi a tukunyar miya ya ɓace. Amma a yanka shi ƙanana, a sulala, a soya da albasa da tattasai, a baza a saman babban faranti, sai ido ya ƙoshi kafin hannu ya kai. Faranti ɗaya babba da aka cika ya yi tozo ya fi ƙananan faranti shida da kowanne ake ganin gindinsa. Da damina kuwa, lokacin da zabi ke ƙwai, dafaffen ƙwan zabo a raba biyu a jera a gefe, ba mai tambayar ina nama.

Kowane wata da abin da ke arha a cikinsa. Gero da wake a saye su da kaka, tiya-tiya, a adana. Da sanyi tumatir da kabeji da karas na noman rani sun cika kasuwa. Da bazara mangwaro ne, a yanka a kawo bayan abinci. Mai neman tumatir ɗanye a tsakiyar damina ita ta jawo wa kanta.

Shekarar 2023 ta ƙara mana karatu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, shinkafa ta yi tsada, ƙanƙara ta zama abin nema. Masu ba mu aiki suka rage lemun kwalba, muka koma zoɓo da tsamiya, ba mu ji wanda ya yi ƙorafi ba. Zoɓon da aka dafa da citta da kanumfari, aka jefa masa na'a-na'a, aka tace shi sau biyu, ba ya jin kunyar kowane lemu. Sai dai kada a miƙa shi a ƙullin leda. A zuba a jug mai tsabta, kofuna iri ɗaya a kan tire, ko na aro ne. Aron kofi wurin maƙwabciya ba abin kunya ba ne, cin bashi don katan ɗin lemu ne nake ƙi. Ruwan sha kuma sabuwar randa a inuwa ta wadatar.

Sauran gayun ba kuɗi yake ci ba, lokaci yake ci. A share tsakar gida a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarma, a sa turaren wuta tun kafin a yi sallama don hayaƙin ya lafa ƙamshin ya zauna. Buta da sabulu da tasa a kusa. Ruwa ya riga gaisuwa mai tsawo. A ciyar da yaran gida tun da wuri, in ba haka ba za su tsaya a bakin ƙofa suna ƙirga lomar baƙo. Uwar gida kuma ta gama da madafa, ta yi wanka, ta zauna. Na sha ganin gidan da abinci ya yi kyau amma uwar gidan ba ta zauna minti biyar ba, tana ta kai da kawo da gumi, baƙi suna jin kamar sun ɗora mata wahala. Wajen maza, gawayi kaɗan da ganyen shayi da sukari suna riƙe hira har la'asar.

Akwai baƙin da dambu kaɗai ba ya fitar da kai a wurinsu. Surukai in sun zo karon farko, ko dattijon da ya taso daga Tasawa ko Dakwaro takanas dominka, kaza ake yanka musu, ba a yi wa wannan dabara. Irin wannan zuwa ba ya zama kwatsam, ana sanar da shi tun da sauran kwanaki. Saboda su nake ajiye 'yan kaji a bayan ɗaki, suna cin dusa da ragowar tsaki, don ranar da aka ce ga su nan tafe kada in je kasuwa in saya a farashin da mai kaji ya ga dama.