Hadarin ƙasa maganin mai kabido

Ɗakin da na fara kamawa da guminna a Legas, cikin watan Janairu na kama shi, kuma tun daga nan na shuka tsiyar. Na shekara guda ina kwana a rumfar kawuna a kasuwar Mile 12, tsakanin buhunan albasa, har na tara abin da zai kai ni haya. Dillali ya zaga da ni ta Agiliti, can bayan kasuwa, ya buɗe mini wani ɗaki a ƙasa, sabon fenti fes, kuɗinsa bai kai rabin abin da ake nema a Ketu ba. Ƙasa a bushe ƙamas, har ƙura ke tashi. Na lura dokin ƙofar ya kusa kai mini gwiwa, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. Na kuma hango wani kwale-kwale a kife a bayan gidan, akuya na kwance a inuwarsa. Duk na gani, ban tambayi dalilin ko ɗaya ba.

Da na dawo ina washe baki, kawu ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, ka tambayi maƙwabta kuwa?”

Na ce, “Kawu, me zan tambaya? Ai na gani da idona.”

Ya ce, “Da rani ka gani.” Ya ci gaba da tsintar albasarsa, bai ƙara ko kalma ba.

To ƙannena, musamman ku da kuka sauko daga kan tirela bana ko bara, labarin nan naku ne. Mu mutanen Arewa da sama muka san ruwa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗa, a kwashe shanya, a zuba, a ɗauke, gobe ƙasa ta shanye. Da wannan ilimin na zo, kuma a Legas bai kai ni ko'ina ba.

Damina ta farko ta ruɗe ni. Yuni da Yuli su ne watannin da ruwa ya fi ƙarfi a garin nan, kuma an yi shi kamar da bakin ƙwarya. Layinmu ya cika, amma ruwan ya tsaya a gindin dokin ƙofa bai tsallako ba, bayan wasu awoyi ya janye. Na dinga cika baki a rumfa cewa na yi dace. Agusta ya zo da ɗan sararawar da ruwan Legas kan yi. Ni dai a lissafina an wuce wurin. Sai na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce: na sayi buhu goma sha biyu na albasa da duk jarina, na jibge a ɗakin, ina jiran ƙarshen shekara lokacin da take tsada.

Cikin Oktoban 2010 ne. Wata dattijuwa Bayarabiya da ke ɗakin kusa da nawa na gan ta tana ɗora kayanta a kan tebur, an ɗora teburin a kan bulo, jikokinta na ficewa da ƙullin kaya a ka. Ta ce da ni cikin 'yar Hausarta ta kasuwa, “Malam, ruwa yana zuwa. An faɗa a rediyo.” Na ɗaga kai na dubi sama. Rana tarwai, ko ɗigon gajimare babu. Na ce, “Mama, Allah ya kiyaye,” ina dariya a ciki.

Kwana uku bayan haka na farka kiran assalatu, na sauke ƙafa daga katifa sai na ji sanyi har idon sawu. Na laluba cocila na haska. Butata ce ke yawo a tsakiyar ɗaki, takalmina ƙafa ɗaya na bin ta a baya. Ruwan bai bi ta ƙofa ba, ta ƙasan daɓe ya ɓullo da ta ramin makwarara, baƙi ƙirin, yana warin kwata. Babu tsawa, babu iska, babu ko yayyafi. Kafin azahar ya kai mini cinya, kwale-kwalen nan na bayan gida kuwa an juyo shi, yara na karɓar kuɗi suna fitar da mutane bakin titi.

Daga baya na fahimci abin da kowane yaro a unguwar ya sani. Kogin Ogun ne ya ratsa ta bayanmu yana gangarawa tafkin Legas. Can sama, kusa da Abeokuta, akwai madatsar ruwa ta Oyan. Idan damina ta yi nisa ta cika, dole a buɗe a rage mata, don in ta ɓalle da kanta abin ya fi muni. Wannan ruwa, haɗe da wanda ƙananan rafuka ke zubowa, shi ke sauka Isheri da kasuwar Kara da bayan Mile 12 da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, galibi tsakanin Satumba da Oktoba. Ruwan da aka yi a wata jiha, kai ba ka ga hadarinsa ba, shi zai kwana a ɗakinka. Kuma ba irin na sama ba ne da ke janyewa kafin magariba. Makonni ya yi zaune.

Albasa ba ta shiri da laima, kun sani. Buhunan ƙasa suka jiƙe, na sama suka ɗauki zafi, cikin kwana huɗu ɗakin ba ya shiguwa don ɗoyi. Amma abin da har yau nake jin ciwonsa wani ɗan littafi ne mai bangon shuɗi da nake ajiyewa a ƙarƙashin katifa, inda nake rubuta bashin da nake bin mata masu sari. Da na zaro shi, tawadar duk ta narke, shafukan sun manne kamar tuwo. Na zauna a kan bulo ina ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya rage sai shuɗin tabo. Wasu matan, Allah ya saka musu da alheri, da kansu suka kawo abin da ke kansu. Wasu kuwa suka ce mu duba littafi.

Za ku ce na yi hankali daga nan. Ina fa. Na dai sauya ɗaki.

Ranar Lahadi 10 ga Yulin 2011 aka wuni ana sheƙa ruwa a Legas, irin wanda har yau ake kwatance da shi, an rasa rayuka a sassa da dama na gari. Ina Ojota ranar, mota ta ƙi samuwa, na naɗe wando na ce ai ruwan iyakarsa ƙwauri, zan taka. Abin da ban lissafa ba, in titi ya cika, ba ka bambance kwalta da lambatu, kuma lambatun Legas wani ya fi tsayin mutum zurfi. Taku ɗaya na yi na ji ba ƙasa. Wani mai faci ne ya cafko wuyan rigata. Wayata ta tafi, wani ƙarfe ya tsarge ni a sangali, ciwon ya ruɓe don ruwan da ya shige shi, na yi wata guda ina ɗingishi. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da ƙato, wanda ya kai gwiwa kuwa yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ga wayar lantarki da ta tsinke ta faɗa ciki, ba za ka gan ta ba sai ta gan ka. Ku masu babur da Keke, ku na fi ji wa. Fasinja zai ce “wuce mana, ba zurfi,” shi kuwa in abu ya ɓaci tsalle zai yi ya bar ka da injin da ya sha ruwa da balas ɗin mai shi.

Akwai kuma abin da mutumin tudu ba ya kawowa a ransa: teku na cika tana janyewa sau biyu a yini. Magudanan garin nan tafki suke zubawa, tafkin kuma a haɗe yake da teku. In aka yi ruwa mai yawa daidai lokacin da teku ta cika, kwata ba ta da inda za ta kai nata, sai ta tsaya, wani lokaci ma ta dawo da baya. Shi ya sa a Yulin 2017 aka ga kwale-kwale a titunan Lekki da Victoria Island, unguwannin masu hannu da shuni. Ruwan nan bai san maigadi ba, bai san maigida ba, sai dai maigida yana da bene.

Iska ma na sha nata kashin, amma wannan gajere ne. Da sanyin safiyar wata Litinin cikin Fabrairun 2012, tun damina ba ta kankama ba, wata iska ta taso ta kwashe rufin gidaje da allunan talla, ta kayar da turakun wuta. Kwanon rumfarmu da na danne da tsofaffin tayoyi da duwatsu, don ƙyashin sayen kusa, a layi na uku muka tsinto shi. Allah ya rufa asiri bai sari kowa ba.

Kwanakin baya a teburin mai shayi wani yaro ya nuna mini bidiyo a wayarsa: mutanen Amurka na buga katako a tagogi, motoci sun yi jerin gwano suna barin gari don an ce guguwar teku na tafe, ga rana tana haskawa. Ya ce, “Baba, dubi tsoron mutuwa.” Na ga kaina a fuskarsa, ranar da na yi wa dattijuwar nan dariya. Irin waccan mahaukaciyar guguwar teku, sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ake kiranta “hurricane”, kuma lokacinta daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Abin mamaki, da yawansu daga wajenmu suke tashi. Hadarin nan da ke zuwa mana daga gabas yana wucewa yamma, in ya faɗa tekun Atlantika ya sami ruwa mai ɗumi, wani sai ya girma ya zama dodo kafin ya isa can. Legas ba ta kan hanyarsu, don yamma suke nufa, kuma mun yi kusa da tsakiyar duniya inda irinsu ba sa iya murɗawa. Amma ko can ɗin, ruwa ya fi iska kisa. A 2005 da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans, shingayen da ke tare ruwa ne suka fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Su kwanaki kaɗan ake ba su su shirya. Mu kuwa tun farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ta bi da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, gwamnatin jiha ta yi ta shela kafin a saki ruwan madatsa. Watanni muke da su, a hira muke cinye su. Kuma kada wani ya ce wannan matsalar 'yan kudu ce, bayan ambaliyar da ta sami Maiduguri a Satumban 2024.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin a zo a gani ba ne. Takardar NIN, katin zaɓe, takardun haihuwar yara da rasit ɗin haya suna cikin leda biyu, cikin wata jaka da ke rataye a kusa can saman bango, tare da cocila da fawa bank da maganin hawan jinin maiɗakina. Littafin bashi kuwa duk Juma'a bayan masallaci sai na ɗauki hoton shafukansa na tura wa ƙanena a gida. Kaya ba sa taɓa ƙasa, a rumfa ko a ɗaki, sai kan falanki. Ina ajiye 'yan kuɗi a hannu, don ranar ambaliya mai POS ma ta kansa yake yi. Da ruwa ya doshi ƙofa, wuta nake fara kashewa daga mita, hannu a bushe, ba na jira sai ya kai soket. Lambobin agajin gaggawa na Legas, 112 da 767, har 'yata ta firamare ta haddace su.

Mafi wuya shi ne tashi da wuri. Namiji na jin kunyar a gan shi da ƙullin kaya rana tsaka, ga kuma tsoron ɓarayi, wanda ba ƙarya ba ne, don gidan da aka bari babu kowa akan shiga. Mu a gidanmu abin da muka tsara, mata da yara da tsofaffi su tafi tun ana iya takawa da ƙafa, wajen wani ɗan'uwa a Agege da gidansa ke kan tudu, wanda tun watan Mayu nake zuwa in gaishe shi in tuna masa. Maza biyu su kwana suna gadi, su ma in ruwa ya wuce gwiwa su fito. Katifa dai ana sayen wata.

In ruwa ya janye kuma kada ku saki jiki, don a lokacin rijiya ta gauraya da masai. A tafasa na sha, a ajiye garin gishiri da sukari na kemis saboda amai da gudawa. Wanda ya ga yadda kwalara ta yi a Legas cikin Yunin 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mu 'yan kasuwa kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ɓawon albasa da ruɓaɓɓen tumatir da ledar fiya wata da muke turawa lambatu da tsintsiya, ba Ikko suke bari ba, kwalbatin gaba suke toshewa su jira mu.

A Janairun da ya wuce ɗan yayata ya zo da murna, ya sami ɗaki mai araha, in raka shi ya biya. Muka je. Sabon fenti fes. Na zaro makullin rumfa na kankare bangon daidai ƙuguna, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya miƙe a ƙarƙashin fentin, na kankare sama da shi kaɗan, ga wani. Dillalin ya ce wai yara ne suka yi zane. Na leƙa waje na hango wata mai sayar da gasasshiyar ayaba a bakin layi, na ce da yaron, “Je ka sayo ta ɗari biyu, ka gaishe ta da kyau, ka tambaye ta ina take kai murhunta a watan Oktoba.”