Tsohuwar Kwamfuta da Sauran Ƙarfinta

A wani shagon buga takardu kusa da kasuwar Wunti a Bauchi na ga tsohuwar kwamfuta mai RAM (ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita) gigabait 2 tana aiki ba gardama, bayan mai shagon ya ɗora mata Lubuntu, wani nau'in Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) na kyauta wanda ba ya cika ƙwaƙwalwar na'ura da kayan ado. A da sai fankarta ta yi ta huci kafin takarda ɗaya ta buɗe. Yanzu ana dannawa take amsawa. Lamarin ya tsaya mini a rai, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman aƙalla gigabait 4, alhali ɗalibanmu da yawa irin waɗannan kwamfutoci kaɗai suke iya saya.